Rabon Babana a Bangon Tsohon Kanti

A bakin kasuwar Illo akwai wani tsohon kanti na ƙasa, mai kaurin bango da doguwar baranda. Tun kafin a haifi babana fatake daga ƙasar Benin ke sauke gishiri da atamfa a cikinsa. A barandar nan babana ya kafa keken ɗinkinsa, da shi ya ciyar da mu, ya tufatar da mu. Kusa da shi akwai mai gyaran rediyo, da wata Bafulatana mai nono, da wani dattijo daga Dandawan tsallaken iyaka mai sayar da igiya.

Mai kantin ba ya karɓar haya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin ruwan farko, kowa ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe bangon da ke bayansa. Wanda ya yaɓe, wurin nasa ne har shekara ta zagayo. Rabon babana daga ƙofa zuwa taga, kuma da hannu yake yi, shatin yatsunsa na nan raɗau a jiki.

Da mai kantin ya rasu, ginin ya faɗa hannun jikansa, wani mai ƙaton agogo da ke zaune a Birnin Kebbi, wanda bai taɓa shan inuwar barandar ba. Ya zo da abokai, suka yi ta ɗaukar hoto, suna shafa bango suna girgiza kai kamar masu ta'aziyya. Ranar muka ji wai ashe cikin kayan tarihi muke zaune. Mu kuwa, ga alama, mu ne dattin da ya taru a kai.

Aka kori kowa, aka zagaye baranda da igiya, aka kafa allon sanarwa. Abin da ya fi ba ni haushi mutanen garinmu ne. Waɗanda jiya-jiya suke fitsari a bayan kantin, su ne suka fi kowa iya faɗin "gadon kakanni", baki har kunne, don a ɗauke su hoto kusa da mai agogo.

Babana ya mai da keke zauren gida. Masu kawo masa ɗinki daga tsallake ba su san lungunmu ba, aiki ya ja baya. Amma bai yarda an kore shi ba. A ganinsa ƙa'ida tana nan, in ya yaɓe rabonsa dole a mayar masa da wurinsa. Ni a lokacin ina koyarwa a Bagudo, na zo hutu na same shi yana kwaɓa ƙasa da ciyawa. Na san aikin banza ne, amma na kasa faɗa masa. Na ɗauki daro na bi shi.

Muka tarar da jikan da baƙinsa. Ya tsallako igiya da sauri yana tattare babbar riga.

"Baba, mi za ka yi da wagga ƙasa?"

"Rabona zan yaɓe, ɗana. Hadari ya fara tasowa."

"Haba Baba! Wanga bango ba a taɓa shi. Aikin mutanen da ne. Kada ka ɓata muna tarihi."

Baƙin suka yi dariya irin ta ƙoshi. Don ya wanke kansa, jikan ya ja mu ciki ya nuna mana abin da ya ƙawata wurin da shi. Hotuna ne cikin gilashi. Mafi girmansu na shatin yatsu ne a jikin bango, an ɗauko shi kusa-kusa, har da karkataccen ɗan yatsan babana da keken ɗinki ya taɓa murɗewa. Babana bai iya boko ba, ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa. Na so in yi ƙarya, amma mai agogo ya riga ni, yana wani ɗaga murya:

"Hannun magabatanmu, Allah ya jiƙan su."

Baƙin suka amsa da amin, har da mai shafa fuska.

Babana ya daɗe yana duban hoton, sannan ya dubi hannunsa, ƙasa ta fara bushewa a kai. Ya juyo gare ni.

"Ɗauki daron mu tahi. Tunda sun yi mani addu'a, ba ni da sauran aiki nan."