Shanun Baban Dija

Ranar wata Talata ce bayan girbin gero, a shekara ta biyu da samun ƴancin kai, muna zaune a ajinmu na laka a lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko, malaminmu da muke kira Mushe ya cika tabulo, babban allon aji, da alli. Mutumin Dahome ne, dogo, mai farar riga, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Darasin ranar shi ne abin da Faransawa ke kira imparfait, wato yadda ake faɗin abin da aka saba yi a da, ko abin da mutum ya taɓa mallaka. Ya ɗauki kalmar avoir, wato mallaka, muka yi ta rerawa kamar waƙar daka: “j’avais, tu avais, il avait.” Ni dai bakina ne kawai ke motsi, don tun safe zuciyata take tafasa a kan Dija, wadda muke zaune benci ɗaya da ita.

Dija ƴar Fulanin Azagor ce. Mahaifinta, Baffa Umaru, aminin Babana ne tun suna samari, shi ke kawo mana man shanu, Baba kuma ya ɗora masa buhun hatsi a kan raƙumi. Shekara guda kafin nan wata cuta ta shiga garkensa, cikin wata biyu ba ta bar masa ko maraƙi ba. Ya sauko Dakoro yana ja wa mutane ruwa a rijiya, Dija kuwa aka kawo ta gidanmu, aka sa ta lakwal tare da ni. Tabarma ɗaya muke kwana. Tare muke surfe, tare muke ɓarar gyaɗa a gindin rumbu, mu kai akuyoyi bakin gari, da yamma mu yi carafke da ƴar gala-gala. Ita ta koya mini tatsar akuya ba tare da ta harbe ƙwarya ba, ni na koya mata riƙon alƙalami. Sai ga shi a jarrabawar wata ta zo ta ɗaya, ni ta tara. Da safen nan Inna ta ɗaura mata sabon zane a gabana, ta ce, “Rakiya, ki dubi ƴar mutane, ke kuwa sai surutu.”

Da Mushe ya ce wa zai ba da misali, na riga kowa ɗaga hannu. A lakwal ba a yarda a yi Hausa ba, wanda aka kama sai a rataya masa ƙashin jaki a wuya, saboda haka ko baƙar magana za ka faɗa wa mutum sai ka nemo ta da Faransanci. Na miƙe na ce, “Le père de Dija avait cent vaches.” Wato baban Dija a da yana da shanu ɗari. Duk ajin sun san inda baban Dija yake a wannan lokaci, sun wuce shi da safe yana jan guga, sai yaran baya suka fara ƙyalƙyala. Mushe bai san komai ba. Ya ji jimla daidai, ya yaba mini, ya rubuta ta a tabulo da manyan baƙaƙe, ya sa muka maimaita sau uku muka kwafe a kaye, littafinmu na rubutu. Da ya ga sunan Dija a ciki, sai ya ce ta tashi ta juya jimlar da kanta, tun daga “ni” har zuwa “su”.

Ta tashi. Ina ganin yatsunta sun damƙe bakin benci. Ta fara a hankali, “j’avais des vaches,” ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta yi kuskure ko guda ba. Da ta iso “nous avions,” muna da su a da, ta faɗe shi a fili, sannan ta ƙarasa sauran. Babu wanda ya sake dariya. Mushe ya ce a tafa mata, aka tafa, har da ni.

A hanyar gida na yi ta jira ta zage ni ko ta kai ƙarata wurin Inna, don da ta yi da na samu sauƙi. Sai da muka zo daidai kukar bayan kasuwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ba ɗari ba ne, Rakiya. Talatin da ɗaya ne, kuma duk na san sunayensu.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta ci gaba da taya ni daka da ɗebo ruwa, amma ta ɗauke mayafinta ta koma ɗakin kakarmu, ta ce tari nake sa ta. Sau da yawa na shirya ba ta haƙuri, sai in ce bari gobe. Kafin damina ta faɗi Baffa Umaru ya samu kiwon shanun wani attajiri can cikin Nijeriya, ya zo ya tafi da ita. Ranar da suka tafi na ɓuya a bayan rumbu, ina jin Inna tana ƙwala mini kira in zo mu yi sallama, ban fito ba.

Yau lakwal ɗin nan ginin siminti ne, yara suna Hausarsu a fili ba mai rataya musu komai, kuma jikokina da waya suke neman abokin da ya ɓace musu su same shi kafin la’asar. A zamaninmu wanda ya bi hanyar kudu sai dai labari. Na yi shekaru ina tambayar fatake da masu kiwo, wani ya ce ya ga mai kama da ita a wajen Jibiya, wani ya ce ta rasu. Haƙurin nan har yau yana bakina.