Salukin Baba da Tuwona

Ni mace ce da ba na iya ganin ramamme in yi shiru. Haka uwata ta raine ni. A gidanmu, idan baƙo ya kwana uku bai murje ba, matar gida ce ta ji kunya. Da wannan halin na bi maigidana zuwa Alƙahira lokacin da aka tura shi aiki ofishin jakadanci, muka kama gida a hawa na shida a wani dogon bene a unguwar Madinat Nasr. Ɗaliban ƙasarmu sun san ƙofata. Duk wanda wake da burodi suka ishe shi, ranar Juma'a zai hawo ya ci tuwo, ya koma masaukinsu a Abbasiya yana sa mini albarka.

A hawa na bakwai, daidai saman kanmu, akwai wani tsoho. Mutumin hamadar yamma ne, aiki ya kawo shi birni tun yana saurayi. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Iskandariya. Ina ce masa Baba, shi kuma ya ce mini "ya binti", wato 'yata. Abokiyar zamansa ɗaya ce tak, karya.

Ranar da na fara haɗuwa da ita a matakala sai da na manne da bango ina a'uziyya. Ita kuwa ko kallo ban ishe ta ba. Doguwa ce, launin ƙasa-ƙasa, ga dogon baki, ga kunnuwa masu gashi mai santsi suna lilo, ga ƙafafu sirara kamar karan dawa. Cikinta ya lafe da bayanta, haƙarƙarinta kuwa kana iya ƙirga shi daga nesa. Tsorona ya koma tausayi nan take. Na ce a raina, wannan bawan Allah yana da kirki, amma rowa ta yi masa yawa.

Baba ba ya yarda a ce mata kare. Ya ce sunan irinta saluki, kuma mutanensa ba sa haɗa ta da karnukan juji ko a magana. Idan na kai masa ɗan abinci, sai ya zaunar da ni ya yi ta ba ni labari da Larabci, rabi ina ganewa, rabi ina gyaɗa kai. Ya ce akwai zanen kakanninta a bangon kaburburan mutanen dā na ƙasar nan. Ya ce a tanti take kwana tare da iyali, ba a sayar da ita, sai dai a ba mutumin da ake ganin girmansa. Da ido take farauta, ba da hanci ba. Idan ta hango zomo ko barewa a can ƙarshen fili, to an gama. Maigidana ma ya tabbatar mini cewa a littattafan fiƙihu akwai babin karen farauta mai horo, kuma abin da ya kamo halal ne idan an cika sharuɗɗa. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, amma dai a ba ta abinci.

Halinta ma daban ne. Wata shida muna gini ɗaya ban taɓa jin haushinta ba. Ba ta rawar jiki a gaban kowa. Idan ka kira ta, sai ta yi nazari tukuna, in ta ga dama ta zo. Ba ta kwanciya a kan tayil, sai an shimfiɗa mata bargo, don ba ta da naman da zai tare mata ƙashi. Idan Baba ya ɗaga murya a waya, sai ta tashi ta bar masa ɗakin.

Da kaka ta shigo, likita ya ce za a yi wa Baba aiki a gwiwa, kuma zai yi jinya wurin 'yarsa har kwana arba'in. Gidan surukinsa ba a shiga da kare. Ya sauko da kansa, yana dogara sanda, ya miƙo mini mabuɗi da wani ɗan kwano wanda bai fi tafin hannuna ba.

"Ya binti, cikin wannan da safe, cikin wannan da yamma. Ɗan nama, ɗan ƙwai, dabino biyu a cire ƙwallon. Khalas, shi ke nan. Kada ki ƙara."

Na ce, "Tamam, Baba."

Bakina ne ya ce tamam, wato na yarda. Zuciyata kuwa cewa ta yi, Allah ya kawo ranar da baiwar Allah za ta ƙoshi.

Na ware zani ɗaya na hawa sama, na ware mata kwanonta daban. Kwana biyu na bi umarni. A rana ta uku na ga ta lashe kwanon ta ɗago ta dube ni da waɗannan manyan idanun, sai na sauka na ɗebo malmalar tuwon shinkafa, na kwarara romon ƙashi a kai. Ta shinshina, ta yi jim kamar mai shawara da kanta, sannan ta cinye. Washegari na ƙara da man shanun da aka aiko mini daga gida. Kafin mako biyu, wadda ba ta kula kowa ta fara jirana a bakin ƙofa, tana ɗora mini dogon bakinta a gwiwa. Wallahi na ji daɗi. Ni da na girma ina gudun kare, ga ni ina hira da karya da Hausa, ina tambayarta ko gishiri ya ji.

Maigidana ne yake fita da ita zagaye da yamma. Wata rana ya dawo ya ce, "Hajiya, anya kuwa? Yau a hawa na huɗu ta zauna ta huta."

Na ce, "Ƙoshi ne, Alhaji. Ka taɓa ganin mai ƙoshi yana gaggawa?"

Ranar da Baba ya dawo, na yi mata wanka, na taje mata gashin kunne, na tsaya a gefe ina jiran yabo. Haƙarƙari ya ɓace, baya ya shafe, har wuya ya yi ninki. Ta nufo shi tana rangaji. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa gefen cikinta, ya sake shafawa, yana neman abin da ba ya nan. Sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa, ya riƙe kansa.

"Ya binti, me na yi miki?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A nan ya faɗa mini abin da bai faɗa ba tun farko. Duk shekara, idan sanyi ya kusa ƙarewa, danginsa suna haɗuwa a hamada su saki karnukansu su yi tsere. Shekara uku yana kai ta. Bana kuwa likitan ido ya gaya masa ganinsa yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Yana so ya ga gudunta sau ɗaya kafin nan. Saluki mai ƙiba, in ji shi, idan ta yi gudun gaske tana iya karya ƙafa, ko numfashinta ya sarƙe. A haka ba zai sake ta ba. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Sai a lokacin na tuna karnukan mafarautan ƙauyenmu. Ban taɓa ganin mai ƙiba a cikinsu ba, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Na ce, "Baba, ni na ɓata, ni zan gyara."

Ya share ido ya ce, "Ma'alish, ba komai. Da ƙauna kika yi. Amma ki rantse ba sauran tuwo."

Na rantse, kuma ban taɓa ɗaukar rantsuwa mai nauyinta ba. Muka koma ɗan kwanon nan. Idan na tuƙa tuwo, ƙamshi ya hau sama, sai in ji ƙarar faratanta a kan rufin kicin ɗina, tana kai da komo. Na yi kuka a gaban tukunya ya fi sau uku. Maigidana yana dariya yana cewa bai taɓa ganin azumin da mai dafa abinci ya fi mai yin sa wahala ba.

Ga kuma tafiya. Gwiwar Baba ba ta yi ƙwari ba, maigida yana ofis, don haka ni ce kullum da hantsi nake jan igiya a bayan gine-gine, inda motoci ba su da yawa. Matan unguwa suna leƙowa ta baranda suna kallon wata Hajiya baƙa da mayafi tana haki a bayan karya. Mai gadin gininmu yana ganinmu zai ce, "Yalla, ya Hagga, saura zagaye biyu!" Ranar Asabar maigida yakan kai mu wani fili a bakin gari, mu sake ta ta ɗan zazzaga. Makon farko ta yi gudu kaɗan ta dawo ta kwanta a inuwar mota. A mako na biyar na ga ƙasusuwan ƙugunta sun fara leƙowa. Nawa zannuwan ma sai da na sake musu ɗauri.

Ana saura kwana biyu, Baba ya shafa gefenta a hankali, yatsunsa suna tsayawa a kan haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Uku. Tamam." Sai ya ce a al'adarsu ana sa wa saluki lalle a ƙafa kafin gudu, wai yana ƙarfafa tafin, amma tun rasuwar matarsa ba wanda ya sa mata. Na ce, "Baba, ai ka zo gidan lalle." Na kwaɓa nawa na gida, na ƙunsa mata ƙafa huɗu, ta miƙe a bargo tana lumshe ido kamar amarya.

Mun yi tafiyar awa uku a mota kafin kwalta ta ƙare. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba itace ba gida, iska mai sanyi tana kaɗa rigunan maza. Dangin Baba suka rungume shi, suka ba mu shayi mai zaƙin tsiya. Karnuka tara ne. Aka ɗaura fatar zomo a doguwar igiya a bayan wata mota, motar ta ja, aka sake su.

Ni dai ban san haka take ba. Wadda nake lallashi ta hau matakala ta miƙe ta zama wata halitta. Bayanta yana lanƙwashewa yana miƙewa, ƙafafun nan huɗu jajaye suna haɗuwa a ƙarƙashinta suna watsewa, kunnuwa sun kwanta. Ban ga inda take taɓa ƙasa ba.

Sai na ji an damƙe mini gefen mayafi. Baba ne. Ya ƙura ido yana ƙifce-ƙifce.

"Na ga tashinta, ya binti, na gani. Yanzu sun ɓace mini. Tana ina? Faɗa mini!"

Larabcina ya gudu ya bar ni. Da Hausa na yi ta kwarara masa ihu: "Ga ta can, Baba! Ta wuce baƙin! Ta wuce farin! Saura biyu a gabanta! Wayyo Allah, ta kamo ɗaya!" Bai san kalma ɗaya ba a ciki, amma yana tsalle da sabuwar gwiwarsa yana cewa "Aywa! Aywa!" Da na ga ta isa wurin motar ita ce ta biyu, kanta a kafaɗar na farko, ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Matan da ke bayan motoci suka amsa mini da tasu.

Ta dawo tana haki, harshe a waje, ta wuce ni, ta wuce kowa, ta je ta cusa kanta cikin rigar Baba. Ya durƙusa a yashi ya rungume ta, kunnensa a kan ƙirjinta, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ki yi shiru, ya binti. Ina jin sauran gudun a nan."