Kalmar da Apo Ta Ƙi Faɗa

Duk ɗan kasuwar da ya yi zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou kafin wasannin Olamfik da aka yi a ƙasar Sin ya san tuwon Rekiya, ko da bai san fuskarta ba. A wani tsohon bene da ke bayan kasuwannin Xiaobei take tuƙa shi, masu ci su hau su ci a tsaye, su sauko suna gumi. Miyar kukarta ce ta sa mutanen Maraɗi suka daina yi wa Kanawa gorin miya, na ɗan lokaci dai.

Ba tuwo ne ya kai ta ƙasar Sin ba. Mijinta Isufu ta bi, mai saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Ya yi 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a maƙabartar Musulmin garin. Da ta fita takaba dangi suka yi ta waya ta dawo gida, ita kuma ta yi ta cewa sai ta haɗa kaya. Kayan nan ba su taɓa haɗuwa ba. Gaskiyar ita ce ba za ta iya barinsa shi kaɗai cikin mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa ba. A Kano mace ba ta zuwa maƙabarta, amma a nan ta ga matan Musulmin Sin suna shiga, sai ta bi sahu. Duk Juma'a idan an sauko daga Masallacin Huaisheng ta kan wuce can, ta cire ciyawa, ta yi masa addu'a, ta ba shi labarin wanda ya shigo gari da wanda ya tafi.

Mai gidan da take haya wata tsohuwa ce 'yar mitsitsiya, mabiyar addinin Buddha, kowa Apo yake ce mata, wato kaka. Ba ta cin nama, ba ta kashe ko kyankyaso. Kofi take kifa masa ta kai shi waje. Rekiya kuwa da silifa take gamawa da shi da zarar tsohuwar ta ba da baya. Kowace safiya Apo na zama da carbinta tana yi wa mutane fatan alheri: ta fara da kanta, ta bi masoyanta, ta bi waɗanda ba ta sani ba, ta ƙare da ɗanta da ya yi watsi da ita. Rekiya ta taɓa tambayarta, da guntun Sinancinta da nunin hannu, yadda take iyawa.

"Idan na tsane shi ni ce zan kasa barci," in ji Apo. "Shi yana can yana munsharinsa."

Godiya kuwa ba a magana. Ta gode wa shinkafa, ta gode wa manomin da ba ta taɓa gani ba, ta gode wa ruwan sama da ya jiƙa mata shanya. Rekiya ta kan yi dariya ta ce mu ma muna da alhamdulillahi, amma ba mu kai ga gode wa tukunya ba. Sai dai lokacin da kukan rashin Isufu ke neman kashe ta, wannan tsohuwar ce ta riƙa zama kusa da ita, ta koya mata jan numfashi a hankali har ƙirjinta ya saki. Da azumi ita ke dama mata kunun shinkafa na buɗa-baki. Rekiya ta so ta kamar uwar da ta haife ta.

Apo ta taɓa gaya mata cewa ta ɗauki alkawura a gaban malamansu, kuma ɗaya daga ciki shi ne ba za ta yi ƙarya ba. Rekiya ta ce mu ma haka, ta ci gaba da yankan kuɓewa. Wane addini ne bai hana ƙarya ba? Amma wane yaro ne a Kano ba a taɓa tura shi zaure ya ce "ba ta nan" ba? Wannan a wurin Rekiya sunansa rufin asiri, kuma mai gidan da bai yi wa baƙonsa haka ba ba mutum ba ne.

Da wasannin suka ƙarato, sabunta biza ya zama wahala. Tata ta ƙare, aka ce ta koma gida ta sake nema, kamar akwai wanda zai ba bazawara mai tuwo biza. Aka fara bin gidaje ana duba takardu. Balki, wata ƙawarta 'yar Yamai, ta ce ta zo su zauna a garin Foshan da ke kusa har ƙura ta lafa. Kafin ta ba da amsa, Rekiya ta zaunar da Apo.

"Idan sun zo, kalma ɗaya ce. Meiyou. Babu. Masu shago ma yini suke faɗarta."

Apo ta daɗe tana kallonta. Ta zuba mata shayi, ta riƙe hannunta, ba ta ce komai ba. A gida idan babba ya yi shiru haka ya kama hannunka, magana ta ƙare. Rekiya ta buga wa Balki waya ta ce ta gode, tana da uwa a nan.

Da hantsi jami'an duba takardu suka zo, tana tsakiyar tuƙi. Ta kashe wuta ta shige ɗaki, ta manna kunne a ƙofa. Jami'in ya tambaya ko akwai baƙuwa a gidan. Ya sake tambaya, cikin ladabi. Sai ta ji muryar da ta fi sani a garin nan ta ce akwai. Bayan haka Apo ta yi ta magiya, Rekiya ta tsinci "'yata ce" a ciki, amma duk da haka aka tafi da ita. Tuwon ya sandare a tukunya da muciyar a tsaye.

Ana gobe za a sa ta a jirgi Apo ta zo inda ake tsare da ita. Fuskar nan a kwance kamar kullum, kuma kwanciyar ce ta fi ƙona wa Rekiya rai.

"Kyankyaso kike ɗauka ki kai waje kada a taka shi," ta ce, rabi da Hausa rabi da Sinanci. "Ni fa, Apo? Kin sayi kwanciyar hankalinki da ni. Me ya hana ki gaya mini?"

"Ban ce to ba."

"Ba ki ce a'a ba!"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Wannan laifina ne. Na ji tsoron sa ki kuka." Sannan ta ɗago. "Zan riƙa zuwa wurin mijinki. Duk Juma'a, muddin ina iya tafiya."

Rekiya ta buɗe baki za ta ce ba ta so. Balki ta rantse mata za ta riƙa leƙawa, masu cin tuwo ma sun aiko da alkawura, kuma ta san da kwantenar kaya ta iso kowa zai manta. A garin nan gaba ɗaya mutum ɗaya ce idan ta ce za ta yi to za ta yi, kuma ita ce ta miƙa ta. Hawayen takaici suka zubo mata.

"Kabarin yana jikin katanga, ta wajen famfo," ta ce da ƙyar, ba tare da ta kalle ta ba. "Kada ki kunna masa turare. Kada ki kai masa abinci. Ciyawa kawai za ki cire."

Apo ta haɗa tafukanta ta gode mata.

Rekiya ba ta yafe mata ba. Har jirgi ya tashi, har ta sauka Kano, ba ta yafe ba. Amma ko sau ɗaya ba ta yi shakkar cewa ran Juma'a za a cire ciyawar ba.