Katin Gwanjon Hambali Direba

Duk wanda ya yi zaman tashar Gwarzo a shekarun baya ya san Hambali Direba, ko bai san fuskarsa ba ya san ham ɗin motarsa. Mutumin Kabo ne, ɗan manoma, amma tun yana saurayi ya ce shi fartanya ba ta karɓe shi ba. Shekara goma sha bakwai ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar masara da dawa daga Gwarzo da ƙauyukan Kutama da Durun zuwa Kano. Ba a gudu ya yi suna ba, a lallaɓawa ya yi. Motar Hambali ba ta kwana a hanya. Bel ya tsinke, zai ɗaura igiya. Tanki ya huje, zai liƙe da sabulu. Fis ya ƙone kuwa, wannan ba ya ma lissafa shi cikin matsala: ya zaro silin waya ya naɗe, fitilu su kawo, ya ce a hau mu tafi. Abokan aikinsa suna zuga shi, shi kuma kansa yana ƙara girma, don a ganinsa direban da ya zauna jiran bakanike bai gama koyon aiki ba.

Wata safiya cikin damina, an gama yi masa lodin masara, ya ji bututun iskar birki yana huci a ƙarƙashin mota. Ya leƙa ya ga 'yar tsaga. Ya yanki robar tsohon tub ɗin taya ya naɗe wurin tam, ya kakkaɓe hannu, ba wanda ya gan shi. A wata gangara kafin gada ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Motar ta ƙwace ta kife. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma lakarsa ta taɓu, kuma tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake amsa shi ba.

Masu zuwa dubiya suka ce ƙaddara ce, mai mota ya ce birki ne ya ci amana. Hambali ya ce haka ne. Zancen robar nan ya haɗiye shi, ko matarsa Naja'atu bai gaya wa ba.

Da aka sallamo shi ya juya wa duniya baya, ba a baki ba, a zahiri. Ya kwanta a kan katifa ya fuskanci bango, wata bakwai cur. Naja'atu ta koma suyar awara don gidan ya ci abinci, ita ce ɗaga shi, ita ce wanka, ita ce lallashi. Ta kawo tuwo ta ɗauke shi kamar yadda ta ajiye. Mutumin da ƙauye uku suke jin muryarsa idan yana faɗa da 'yan dako, sai ga shi sallama ma da ƙyar yake amsawa. Abin tausayi ne, kuma abin takaici ne, don wani lokacin har ita Naja'atun takan ji kamar ta girgiza shi.

Ƙaninsa Zayyad ne ya kawo abin da ya juyo da shi. Yana da shagon buga takardu a Gwarzo, sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da ya daina aiki da ita, ya sa mata gem, wato wasan kwamfuta, na tuƙin manyan motoci, ya kafa ta a kan benci dab da katifar. Hambali bai ko waiwayo ba. Zayyad ya kunna, ya tayar da motar cikin gem ɗin, ya shiga tuƙi irin na wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Inji yana kuka, shi ko a jikinsa.

"Kai, canja giya mana," in ji Hambali daga jikin bango. "Za ka kashe musu inji."

Daga ranar aka samu Hambali. Idan an kawo wuta da hantsi, sai ya sa a jingina shi da filo biyu, ya yi addu'ar hawa abin hawa cikakkiya, ya ɗora yatsu a kan maɓallai ya ɗauki lodi a wani garin Turawa da bai iya faɗar sunansa ba. A can yana tsayawa a danja, yana ba da hannu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a hanyar Gwarzo. Naja'atu tana tsakar gida, da ta jiyo ƙarar inji ta san yau za a ci abinci, za a nemi ruwan wanka, wataƙila ma a tsokane ta.

An fi shekara a haka. Sai dai kwamfutar ta tsufa. A fili tana tafiya, amma da ya shiga gari motoci suka yi yawa, ko ruwan sama ya sauko a cikin gem ɗin, sai hoton ya ƙame. Kafin ya saki, motar ta riga ta faɗa rami ko ta hau bayan wata. Mai lafiya zai yi tsaki ya sake farawa. Hambali kuwa duk kifewar da motar ta yi sai gumi ya keto masa, ya ture maɓallan, ranar ba zai ƙara cewa uffan ba.

Zayyad ya yi masa bayani: akwai wani kati a cikin akwatin kwamfutar, katin girafik, shi ke zana duk abin da ake gani a allo. Na ciki ya yi ƙanƙanta. Sabo dai ba maganarsu ba ce, amma a Kano ana samun na gwanjo mai sauƙi.

Hambali ya kira Naja'atu ya ce ta jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Jak ɗinsa ne, da akwatin sifanu, da tamfol ɗin da ya saya da guminsa. Shekara biyu yana hana a taɓa su, kamar gobe zai koma hanya. Ya ce Zayyad ya kai tasha ya sayar. Sukundireba ɗaya kawai ya zare ya tura ƙarƙashin filo.

Zayyad ya dawo da kati mai fanka biyu, naɗe a jarida. Tun kafin ya ɗaura ya ce, "Yaya, ga inda gizo yake saƙar. Mai shagon ya ce katin nan yana da cin wuta, kuma fawa-fak ɗinmu, wannan ƙaramin akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, ba zai ɗauke shi da kyau ba. Abin da ke hannuna bai kai na sayo babba ba. Zan rage ƙarfin hoton, ka yi maneji haka zuwa sati uku. Don Allah kada ka ƙure shi."

"To, injiniya," in ji Hambali. "An ji."

An ji ɗin nan kwana huɗu ta yi. Hoton ya daina ƙamewa, gari ya zama gari, amma shi ya riga ya ga inda Zayyad yake taɓawa. Ya ce bari dai ya ga iyakar abin da ya sayar da jak ɗinsa a kai. Ya ƙure komai. Sai ga ɗigon ruwa yana gangarowa a gilashi ɗaya bayan ɗaya, ga fitilun motoci suna sheƙi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ga inuwar itatuwa tana wucewa ta kan sitiyari. Ya ƙwala wa Naja'atu kira ta zo ta gani, ta tsaya a bakin ƙofa da matsami a hannu tana dariya, ba don allon ba, don fuskarsa.

Ranar kwamfutar ta ɗauke sau biyu, ya kunna ta tashi. Washegari ta ɗauke, ya danna ya danna, shiru. Ya kira Zayyad a waya.

"Yaya, kada ka taɓa komai. Aiki ya riƙe ni, jibi ina nan tafe."

Jibi. Ga wanda yake da ƙafafu jibi ba komai ba ce. Hambali ya kwana ɗaya yana kallon baƙin allo, da gari ya waye ya ji bangon nan yana kiransa, ya kuwa tsorata. Naja'atu tana can tana tace waken suya. Ya zare filogi, ya jawo akwatin kan cinyarsa, ya laluba ƙarƙashin filo. Ya kwance fawa-fak ɗin, ya buɗe murfinsa duk da takardar gargaɗin da ke liƙe a kai. Cikin tarkacen da bai san kansu ba, idonsa ya faɗa kan abu ɗaya da ya sani kamar tafin hannunsa: ɗan fis na gilashi, ya yi baƙi.

Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Ashe duk ilimin nasu a nan ya ƙare. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa fis ɗin ya ƙone ba, bai taɓa tambaya ba a shekara goma sha bakwai, yau ma ba zai fara ba. Ya fere wayar tsohuwar rediyo da haƙori, ya zaro sili uku ya murɗe, ya naɗe wurin tam. Ya mayar da komai, ya danna. Fankoki suka juya.

Ya ɗauki lodin katako, ya fita gari, ya hau wata doguwar hanya mai bin gefen ruwa. Bai yi tafiyar da ta kai a dafa shayi ba ya ji fat, kamar an fasa leda. Allon ya mutu. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Naja'atu ta shigo a guje ta fizge filogin, ta dudduba hannuwansa. Ba abin da ya same shi.

Zayyad ya zo a ranar da ya ce. Ya tafi da akwatin zuwa Gwarzo, ya gwada kayan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da la'asar. Katin ya ƙone, babban allon cikin da komai yake liƙe a jikinsa ya ƙone, ba abin da ya tsira. Ya ga wayar da aka naɗa, ba yadda za a yi bai gani ba. Amma ƙani ne, sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Wuta ce ta yi yawa, Yaya. Ƙaddara ce. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Kalmar nan ta daki Hambali fiye da ƙarar fashewar. Ya bari har Zayyad ya fita, har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Naja'atu ta shigo da kwanon shinkafa da wake ta ajiye a kan bencin da babu komai a kai yanzu sai shatar ƙura.

"Naja," ya ce, bai dube ta ba. "Ba wuta ba ce. Ni na ɗaura waya."

"Na gani, Maigida."

"Ranar nan ma, ranar gada. Ba birki ne ya tsinke haka kawai ba. Ni na naɗe bututun da roba."

Ta gyara masa zanen da ya zame daga ƙafafunsa, ta soke gefensa a ƙarƙashin katifa kamar yadda take yi kullum.

"Waɗanda suka janyo motar sun ga robar," ta ce. "Sun gaya wa Zayyad, ya gaya mini. Tun kana asibiti muka sani."

Shekara biyu yana dakon abin nan shi kaɗai, ashe su ma suna ɗauke da shi, suna ɗaga shi suna kwantar da shi ba wanda ya taɓa goranta masa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a ranar da aka fara ɗaukarsa zuwa banɗaki. Ya sa hannu biyu ya ja ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya fuskanci bango.

Naja'atu ta rufe kwanon da faifai. Man awararta yana ƙonewa a kan wuta, tana jin ƙaurinsa, amma ba ta tashi ba.