Tokar da Na Goge wa Baba

Yau na ga wata mata da toka a goshi, haushin kaina ya dawo sabo. Na tuna Baba, wani dattijo Kirista da muka yi aikin siminti tare a Malbaza. Wata Laraba ya taka keke har coci a Konni, aka shafa masa toka a goshi, ya dawo wurin aiki. Ni sarkin karambani na zaci ƙurar siminti ce, na goge masa tas da tsumma!

Mafaɗaci ne, amma sai ya yi murmushi: "Ɗana, ka ci sa'a. Azuminmu na kwana arba'in ya kama. Na bar nama, na bar fushi."

Da ma ya zage ni! Har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah ya ba Baba hutu, ni kuma ya yafe mini.