Akuyar Inna Hurera da Bangon Kalmomina

Har yau ban manta da wata ranar Litinin ba, ranar da yaran ajina suka karanta kalmomin da babu su, da ƙarfi, a gaban ensfekta. Tunda yanzu an ce kowannenku ya yi bangon kalmomi a ajinsa, gara in ba ku labarin daga farko, bi da bi, don kada wani ya maimaita abin da na yi.

A lokacin ina shekarata ta huɗu a aiki, a wani ƙauye na ƙasar Babankatami. Malamin kwantiragi ne ni, wato ina koyarwa amma ba a tabbatar da ni ba. Ga yadda tsarin yake. Duk malami namiji Mushe ake ce masa. A saman malami akwai dirakta, shi ke riƙe da lakwal, wato makarantar. A saman dirakta akwai konseye, mai zagayawa yana gyara wa malamai aiki. A saman konseye sai ensfekta, wanda ke zama a bayan aji ya kalli darasi ya ba da maki. Makin nan shi ke shiga takardun mutum. In ya yi kyau, takardu su yi gaba. In ya lalace, mutum ya koma baya ya jira wata shekara. Ni kuwa na gaji da jira.

An ba ni ajin farko, yara 'yan shekara shida zuwa bakwai. A lakwal ɗinmu da Hausa ake fara karatu kafin a shiga Faransanci. Wata guda bayan buɗe makaranta, konseye ya tara mu a Buza ya yi mana bayani. Ya ce a ware gefe ɗaya na aji, a rubuta kalmomin da yara suka sani da manyan baƙaƙe, a rataye su inda idon yaro zai riƙa faɗawa kansu kullum, har ya san su kamar yadda ya san fuskokin 'yan gidansu.

Na ɗaga hannu na ce, "Mushe konseye, wanda ajinsa ba shi da bango fa?" Ajina rumfa ce ta kara da zana, iyayen yara ke kafa ta bayan girbi.

Ya ce, "Mushe Sallau, zana ma bango ce. Yi da abin da kake da shi."

Na koma na yi aikin kamar yadda na saba yin komai. Da farko na roƙi kwalayen shayi da na sabulu wurin mai tebur. Na biyu, na yanka su daidai da juna, na auna kowanne. Na uku, na rubuta kalmomin a farar takarda na liƙa a kan kwalayen, kuma da yake ba ni da abin liƙi na kanti, sai na dama ƙullun gero na yi da shi. Na huɗu, na huda kowanne na ɗaure a jikin zana da kaba. Konseye ya ce a sa zane kusa da kowace kalma. Na gwada zana jaki, yara suka ce kare ne, ɗaya ya rantse kura ce. Daga nan na bar zane.

Kalma ashirin, layi huɗu, biyar-biyar, bisa jerin baƙaƙe. Layin farko: akuya, buta, ciyawa, doki, fitila. Haka har zuwa zabo a ƙarshe. Kowace safiya ƙarfe takwas in ɗauki sanda in nuna daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, sau uku. Ban taɓa tsallake ɗaya ba, ban taɓa farawa daga tsakiya ba. Cikin mako uku yara suka mayar da abin waƙa. Har mata a bakin rijiya sun iya ta. Diraktanmu, Mushe Hamidu, ya leƙo ya saurara ya ce, "Kai, bana ka haye."

Yarinya ɗaya ce ke ɓata mini jeri, sunanta Zalika. In sauran sun kai jaki, ita tana can kan gero ta ƙura masa ido, leɓɓanta na motsi. Na yi mata faɗa sau da yawa. A ƙarshe na mayar da ita bayan aji, na rubuta a littafina gaban sunanta: mai nauyin kai.

Sai takarda ta zo cewa ensfekta zai duba ajina ranar Litinin. Ranar Juma'a na sa aka share, na duba kowane kwali, na ɗaure ƙofar zana da igiya, na tafi gida da kwanciyar hankali.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Inna Hurera. Tsohuwa ce wadda gidanta ke jikin lakwal, tana da wata jar akuya da ba ta san iyaka ba. Sau biyu na aika mata gargaɗi. Ranar Lahadi da rana akuyar nan ta ci igiyar ƙofa, ta shiga, ta ji ƙamshin ƙullun gero a jikin kwalaye. Kafin Inna ta ankara, ta zubar da bangon duka, ta cinye shida. Inna ta tsorata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tsince goma sha huɗun da suka rage, ta samo ƙayar aduwa, ta kafe su a jikin zana yadda ta ga sun yi mata kyau. Inna ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Uku ma a kife ta sa su.

Ranar Litinin ban fara shiga aji ba, domin dirakta ya ce mu tsaya bakin hanya mu tarbi baƙo, kuma baƙon ya iso da wuri. Aka gaisa, aka ba shi ruwa, yara suka yi layi suka shiga. Ensfekta ya shiga, dirakta ya bi shi, ni na shiga ƙarshe. Na ɗaga kai na dubi bangona. Tuwo ne a wurin akuya. Rijiya ta juya ƙafa sama. Wurare shida babu komai sai guntun kaba yana lilo.

Na ce, "Mushe ensfekta, a ba ni minti biyar in gyara."

Ya ce, "Me ya same shi?"

Kafin in buɗe baki sai murya ta fito daga wata kafa a jikin zana: "Mushe, ka yi hanƙuri, wagga ja'irar akuya ta. Amma na maishe ma su duka, na jera su da kyawo. Shidda kaɗai ta canye."

Ensfekta ya dubi kafar, ya dubi bango, ya je ya zauna a bayan aji. Ya ce, "Bar shi haka. Kalma duk inda take ita ce. Fara darasinka."

Na ɗauki sanda na ɗora kan kwalin farko, wanda aka rubuta tuwo. Aji duka ya ɗauka: "Akuya!" Na matsa kan rijiyar da ke kife. "Buta!" Na matsa kan fili, inda babu komai sai zana. "Ciyawa!"

A nan ya kamata in tsaya. Amma hannuna ya saba, kuma ban taɓa barin layi a tsakiya ba. Na bi su har ƙarshe. Yara suka karanta kalma ashirin cif, har da shidan da ke cikin akuya, ba wanda ya yi tuntuɓe. Da suka kai zabo suka yi wa kansu tafi uku, kamar yadda na koya musu. Dirakta ya ɗaga kai yana duba rufin rumfa kamar yau ya fara ganinsa.

Ensfekta ya ce, "Mushe, yaranka sun fi ni karatu. Ni abin da ke gabana kawai nake iya karantawa."

Ya taso ya karɓi sandan daga hannuna, ya ɗora a farkon layi na biyu, inda Inna ta kafe kaza. Yara suka ce, "Gero!" Sai wata ƙaramar murya daga baya ta ce, "Wanga ba gero ba na. Kaza ta."

Zalika ce. Ya kira ta gaba, ya riƙa nuna mata nan da can. Tana tsayawa, ta ƙura ido, leɓɓanta su yi motsi, sannan ta faɗa. Waɗanda ke kife sai ta karkatar da kai har kallabinta ya faɗi. Cikin goma sha huɗu ta karanta tara.

Ya ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Mushe."

"To, me ya sa ba ki bin 'yan'uwanki?"

"Su waƙa sukai, ni dubawa nikai. Shi as sa nika makara."

Littafina yana buɗe a kan tebur. Na ga ensfekta ya sa yatsa kan sunanta, ya karanta abin da na rubuta, ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan an tashi muka zauna a gindin bedi, wato dogonyaro, mu uku. Ya ce, "Mushe Sallau, yau ba ni da makin da zan ba ka. In na bi abin da kunnena ya ji, ka ci. In na bi abin da idona ya gani, ka faɗi. Yaranka sun san wurin zaman kowace kalma, ba su san kalmar ba. Zan dawo bayan mako biyar. Zan zaɓi yara goma da kaina, in nuna inda na ga dama. Ranar zan rubuta."

Na ce, "To, Mushe."

A makon na sake kwalayen, wannan karon da ƙaro na liƙa, ba ƙullu ba. Sai na zo hargitsa su. A nan na gane ina da ciwo. Duk yadda na yi, hannuna sai ya jera. Na ɓata rabin awa, na kira dirakta ya duba. Ya yi dariya har ya dafa ginshiƙi, ya ce, "Ai wannan jerin nan naka ne, ka faro shi daga zabo ka dawo akuya."

Da la'asar na tafi gidan Inna Hurera. Tana hango ni ta ja akuyar ta tura ɗaki ta rufe. Na yi sallama, muka gaisa.

Ta ce, "In wagga kaz zo nema, ba ta nan, ta tai kiwo."

Akuya ta yi kuka daga cikin ɗaki.

Na ce, "Inna, ba wurinta na zo ba, wurinki na zo. Ina so kowace safiya ki shigo aji ki rataye mini kwalayen nan."

Ta ce, "Ɗan nan, ba'a kakai mini? Ni da ban san baƙi ba?"

Na ce, "Shi ya sa nake son ki. Duk garin nan ba wanda ya kai ki iya ɓata jeri. Sharaɗi ɗaya ne: akuya a turke."

Ta ce, "To, ashe dai aikin nan nawa ya yi kyawo."

Na ja jan layi a gindin kowane kwali don kada ta kife su. Daga nan kullum da safe Inna ta zo ta rataye yadda ranta ya so. Makon farko aji ya yi tsit, wasu yara har da kuka, domin waƙa ta mutu. Wani uba ya zo wurin dirakta ya ce a da yaronsa yana karatu har a kan jaki, yanzu Mushe ya lalata shi. Na daure. Sai in ce, "A nemo mini buta," yaro ya tashi ya nemo, ya cire, ya rubuta a allonsa, ya mayar. Kowane mako yara su kawo sababbin kalmomi uku daga gida mu ƙara. Zalika na dawo da ita gaba, na kuma goge abin da na rubuta, na goge har takardar ta huje.

Ensfekta ya dawo a ranar da ya ce. Ya zaɓi goma, takwas suka karanta duk inda ya nuna. Ya rubuta makinsa, takarduna suka yi gaba. Kafin ya tafi ya tambayi me ya sa kwali ɗaya yake can sama kusa da rufi, shi kaɗai. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce wannan akuya ce, ta gane ta, kuma sama take sa ta kullum don kada tata ta kai gare ta. Kalmar farko ke nan da Inna Hurera ta karanta a rayuwarta, ba wanda ya koya mata.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, amo ba karatu ba ne. In aji ya amsa da murya ɗaya ba tuntuɓe, kada malami ya yi murna tukuna, ya cire kwali ɗaya ya sauya masa wuri ya gani. Yaron da ke makara kuma a duba shi da kyau kafin a rubuta komai gaban sunansa, mai yiwuwa shi kaɗai ke aikin da aka sa. Ni dai har yau ban iya hargitsa bango da hannuna ba, na gwada na bari. Duk lakwal da aka kai ni, abin da nake fara yi shi ne in nemi wanda zai ɓata mini jeri. Abu na biyu, in tambayi wa ke da akuya kusa.