Ya Meram, Mai Kifin da Ƙuda Ke Bi

Ɗanladi mai kifi ya ciyar da mutanen unguwar Bulabulin ta Nguru guba yana sane, kuma ya karɓi kuɗinsu yana yi musu murmushi. Da shi zan fara, domin ba za a gane darajar matar da nake yi wa jinjina ba sai an ajiye ta kusa da shi.

Matar ita ce Ya Meram mai bandar kifi, wadda ta sauka daga aiki bana saboda hayaƙi ya ci idanunta. 'Yar Gashuwa ce, daga gidan masunta. Aure ya kawo ta Nguru, mijin ya rasu yana leburanci a tashar jirgin ƙasa, ta zauna da sana'ar gidansu ta riƙe 'ya'yanta.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san safiyarta. Tana idar da sallar asuba take hura wuta a ƙarƙashin gangar banda. Masunta su sauke mata tarwaɗa da karfasa daga kan babur, ta feɗe, ta wanke, ta sa gishiri, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a kan raga. Kafin hantsi ya ɗaga, tukunyar burabusko da miyar kifi ta sauka, 'yan acaɓa da masu dako sun zauna a bencinta. Wanda ya gama sai ya matsa teburin Kalli mai shayi, maƙwabcinta, ya kora da ruwan zafi.

Kifin banda yana da abokin gaba, wani ɗan baƙin ƙwaro da ke shiga cikinsa ya mayar da tsokar gari. Maganin da Ya Meram ta gada mai wahala ne: a mayar da kifin kan hayaƙi a kai a kai, a shanya shi a rana, a juya, a kakkaɓe. Itace yana da tsada a garin nan, kuma duk komawa wuta kifin ƙanƙancewa yake yi. Ƙuda kuwa ba ya rabuwa da shanya. Yini take yi da mafici a hannu.

A shekarar 1998 Ɗanladi ya buɗe rumfa daura da tata. Saurayi ne mai fara'a, teburinsa da farar leda, kifinsa manya, yana sheƙi, ko ƙuda ɗaya ba ya sauka. Mutane suka duba nan, suka duba can, suka yanke hukunci da ido: wancan tsabta, wannan ƙazanta. Matan aure suka fara gargaɗin 'yan aike kada a sayo na rumfar ƙuda.

Shi ma bai bar ta ta huta ba. Daga tsallaken layi yake ɗaga murya.

"Iya, baƙinki sun cika rumfa yau ma. Ki shimfiɗa musu tabarma mana."

"Ɗana, ƙuda ya san abinci," in ji ta, tana fifita. "Kai ka tambayi kanka me ya sa ba ya zuwa gaishe ka."

Ta san dalili, hancinta ya gaya mata. Wata safiya ta zagaya bayan rumfarsa ta same shi da tsintsiya da roba, yana yayyafa wa kifi ruwan fiya-fiya, maganin nan da ake kashe sauro da kyankyaso da shi. Ba ta tara masa jama'a ba.

"Ɗanladi, wannan cikin mutane zai shiga. Ka bari. Zo in koya maka shanya, ba zan karɓi ko sisi ba."

"Iya, zamani ya wuce mafici. Tafasa ɗaya maganin yake fita."

Ta kai maganar wurin Alhaji Abbagana, shugaban masu kifi na layin. Ya saurare ta, ya ce kishin kasuwa ne. Ta koma rumfarta. Ciniki ya yi ta raguwa, har wata rana 'yarta Sadiya ta ce ko su ma su ɗan yayyafa kaɗan, tunda kowa can yake tafiya. Ya Meram ta ce ranar da kwalbar fiya-fiya ta shigo gidanta, ranar za ta fasa gangar banda da hannunta.

Sai aka yi suna a gidan Malam Fatihu tela. Mai girki ta sayi kifi wurin Ya Meram, bai isa ba, ta cika da na Ɗanladi, ta haɗa a tukunya ɗaya. Kafin la'asar baƙi suna ta amai da murɗawar ciki. Mai jego, Haula, wadda aka cika wa kwano saboda jego, sai asibiti aka kai ta a sume.

Washegari Alhaji Abbagana ya tara masu kifi a bakin layi. Ɗanladi ne ya fara magana. Ya ce ai kowa yana da ido, kowa ya san rumfar da ƙuda ke kwana. Mutane suka gyaɗa kai. Alhaji ya ce Ya Meram ta kwashe kayanta ta bar layin kafin ranar kasuwa.

Rumfar nan ita ce abincin marayunta, kuma mace da aka kora da sunan ta sa wa mai jego cuta ba ta da inda za ta sake kafa ganga, ko a Gashuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta miƙe da kyar ta ce:

"Alhaji, zan tafi. Amma a ba ni faifai biyu tukuna."

Aka kawo. Ta ce Alhaji da kansa ya zaɓo tarwaɗa ɗaya daga kifinta, ɗaya daga na Ɗanladi, ya ɓare su, ya ajiye a rana kusa da inda ake zubar da ruwan wankin kifi. Aka tsaya ana kallo. Ƙuda ya rufe nata. Na Ɗanladi sai su zagaya su wuce, kuma 'yan kaɗan da suka sauka suka ɗanɗana, aka ga suna juyawa a kan faifan, ƙafafu sama.

Ya Meram ta kore ƙudan, ta ɓalli tsokar nata, ta yi bisimilla ta ci. Sannan ta tura masa ɗaya faifan.

"Ɗana, ga naka."

"Azumi nake yi."

Kalli mai shayi ya leƙo daga bayan mutane. "Azumin yaushe, Ɗanladi? Da hantsin nan ka sha shayi a teburina da rabin biredi, har ka ce madara ta yi kaɗan."

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin Malam Fatihu yana tsaye a wurin. Aka ɗaga farar ledar teburin, aka sami kwalbar da tsintsiyar a cikin buhu. Alhaji Abbagana ya cire hularsa ya nemi gafarar Ya Meram a gaban kowa. Wannan ya yi daidai, amma da ya saurare ta tun farko da Haula ba ta kwanta ba. Haula ta tashi, sai dai nononta ya ƙafe, da madarar gwangwani aka raini jaririn.

Ya Meram, ke ce kika gwammace a kira ki ƙazama da ki sa wa maƙwabcinki abin da ba za ki ci ba. Ke ce 'yar masunta mai jan ido, jan hayaƙi ba na fushi ba. Bayan abin ya wuce ba ki taɓa yi wa layin gori ba. Waɗanda suka guje ki suka dawo benci, kika zuba musu miya kamar jiya suka tashi. Matan da kika koya wa shanya kyauta suna nan daga Bulabulin har garin Jajimaji, kuma Sadiya da ta gaji gangar tana riƙe da mafici irin naki. Mun gode. Allah ya ba idanunki sauƙi, ya sa wahalar hayaƙin nan ta zame miki sanyi ranar gobe.

Ku kuma masu sana'ar abin da ake ci, mai biredi da mai shayi da mai ƙosai, ku auna kanku da ita: abin da ba za ku iya ci a gaban mai saye ba, kada ku miƙa masa. Masu cefane, in kun ga kifin banda a fili cikin zafin rana ba ƙuda ko ɗaya a kusa da shi, ku shinshina kafin ku taya.

Ɗanladi kuwa, an tara kifinsa a bayan kasuwa an ƙone, an cire shi daga layin masu kifi, alƙali ya ɗaure shi shekara guda a gidan yarin Gashuwa. Da ya fito bai sake samun wanda zai ba shi rumfa a Nguru ba.